Gonar Anatot: Me Amincin Allah Yake Nufi Ga Jama'ar da Ta Tarwatse?

A cikin Littafi Mai Tsarki akwai wani cinikin gona da in a gabanmu aka zo yin sa yau, dangin mai saye za su taru su riƙe masa hannu. Sojojin Babila sun yi wa Urushalima zobe, abinci ya fara yankewa a cikin birni, Annabi Irmiya kuwa yana tsare a filin masu gadi na gidan sarki, domin Sarki Zadakiya ya gaji da jin bakinsa. Ana cikin wannan hali sai ga Hanamel, ɗan baffansa, ya zo masa da tayi: ya sayi gonarsa da ke Anatot, ƙauyensu, tunda shi ne mai haƙƙin fansarta a dangi. Anatot ba ta fi tafiyar kilomita biyar daga Urushalima ba, wato gonar tana cikin yankin da abokan gaba suke tattakewa. Kuma wannan ƙauyen ne wasu mutanensa suka taɓa ƙulla makircin kashe Irmiya saboda wa'azinsa.

Ya saya. Sura ta 32 ta littafinsa ta ba da labarin dalla-dalla, kamar wanda yake tsaye a wurin. Ya auna azurfa shekel 17 a ma'auni, ya sa hannu a takarda, ya buga hatimi, ya kira shaidu. Takardun biyu ne, ɗaya a liƙe, ɗaya a buɗe. Ya miƙa wa magatakardansa Baruk a gaban duk waɗanda suke zaune a filin, ya ce a sa su cikin tukunyar ƙasa domin su daɗe ba su lalace ba, gama Ubangiji ya ce za a sāke sayen gidaje da gonaki da gonakin inabi a ƙasar nan. Abin da ya fi taɓa ni shi ne abin da ya biyo baya. Bayan ya miƙa wa Baruk takardun, Irmiya ya juya ga Allah da addu'a, ƙarshenta kuwa kusan kuka ne: ga birni yana faɗawa hannun maƙiya, kai kuma ka ce mini in sayi gona in kafa shaidu. Shi kansa mai sayen bai gama gane cinikin ba.

Na fara da wannan labari ne saboda kalmar nan da muke yawan faɗi a majami'a, wato aminci. A Hausa tana da fuska biyu. Idan aka ce gari yana cikin aminci, ana nufin babu tashin hankali, kowa yana kwana da ido biyu a rufe. Idan kuma aka ce wane mai aminci ne, ana nufin ba ya cin amana, in ya yi magana ta zauna. Muna rera cewa amincin Allah mai girma ne, amma da yawanmu fuskar farko muke ji a zuciya: cewa zai tsare mu, gidanmu ba zai ƙone ba, ɗanmu zai dawo daga gona lafiya. Kalmar Ibrananci da aka fassara da aminci a ayar da muke rerawa, wato emuna, fuska ta biyu take nufi. Saiwarta ɗaya da “Amin” da muke faɗi a ƙarshen addu'a, ɗaya kuma da “amana” da muka aro daga Larabci. Ma'anarta abin da ya kafu, wanda za a jingina da shi ba zai goce ba. Mutumin da ya haɗa fuskokin nan biyu ya mai da su ɗaya, ranar da aminci na farko ya ɓace masa zai ɗauka na biyun ma ya tafi. Na ga wannan ya karya bangaskiyar mutanen kirki. Kuma daidai irin ramin da mutanen Yahuza, masarautar da Urushalima ce babban birninta, suka faɗa ke nan.

Suna da dalilinsu. Abubuwa uku suka jingina a kai, kuma dukansu Allah ne ya bayar: ƙasar da aka yi wa Ibrahim alkawari, gadon sarautar da aka ce ba zai rabu da gidan Dawuda ba, da Haikalin da Sulemanu ya gina. A shekara ta 722 kafin haihuwar Almasihu, Assuriyawa suka cinye Samariya suka kwashe mutanen mulkin arewa, aka warwatsa su har suka narke cikin sauran al'ummai. Gemun ɗan'uwa ya kama da wuta, amma Yahuza ba ta shafa wa nata ruwa ba. A 701 rundunar Sennakerib sarkin Assuriya ta zo har ƙofar Urushalima ta koma ba ta ci ta ba, sai mutane suka ƙara sakankancewa cewa birnin nan ba ya ciwuwa. Shi ya sa Irmiya ya tsaya a ƙofar Haikali yana ce musu su daina ruɗin kansu da maimaita “Haikalin Ubangiji, Haikalin Ubangiji”, alhali suna zaluntar maraya da gwauruwa da baƙo, suna zub da jinin marar laifi. Sun mai da ɗakin Allah kamar laya.

A 597 Nebukadnezzar sarkin Babila ya kwashe Sarki Yehoyakin da fādawa da maƙera da masu sana'a zuwa Babila. A cikinsu akwai wani matashin firist, Ezekiyel. Bayan shekara goma sha ɗaya, wajen 586, bayan kewayewar da ta kai shekara ɗaya da rabi bisa lissafin Littafin Sarakuna na Biyu, aka fasa garu. Aka kama Zadakiya yana gudu, aka kai shi Ribla, aka yanka 'ya'yansa a gabansa, sa'an nan aka ƙwaƙule masa idanu. Aka ƙone Haikali da gidan sarki. Talakawa tilis aka bari su yi noma. Ƙasa, da sarauta, da Haikali, duk suka tafi a lokaci guda. A tunanin mutanen wancan zamani kuwa, in aka ci birni da yaƙi, to allahn birnin aka ci. Duk wanda ya dubi kufan Urushalima da idon zamaninsa zai ce Marduk na Babila ya fi ƙarfin Ubangiji, ko kuma Ubangiji ya janye alkawarinsa.

A cikin wannan toka aka rubuta Littafin Makoki, kuma a tsakiyarsa ne ayar da muke so ƙwarai take, wadda take cewa madawwamiyar ƙaunar Ubangiji ba ta ƙarewa, jinƙansa sabo ne kowace safiya, amincinsa mai girma ne. Muna ɗauko ta ita kaɗai mu rubuta a bango. Ina roƙon mai karatu ya karanta ayoyi ashirin da suka gabace ta a sura ta 3. Mai maganar ya ce Allah ya kora shi cikin duhu, ya kewaye shi da shinge, ya toshe addu'arsa, ya yi masa kwanto kamar zaki, ya sa shi tauna tsakuwa har haƙoransa suka kakkarye. A sura ta 4 an ce mata masu tausayi sun dafa 'ya'yan cikinsu saboda yunwa. Bakin da ya faɗi waɗannan shi ne ya ce amincinka mai girma ne. Babu abin da ya sauya a waje tsakanin aya ta 20 da ta 22, birni yana nan a ƙone. Aya ta 21 ce ta nuna abin da ya faru: ya ce akwai abin da ya tuno a ransa, saboda haka yake da bege. Da ya rasa abin dubawa a kewaye da shi, sai ya dubi halin Wanda ya yi alkawarin.

Akwai wani abu a tsarin littafin da fassara ba ta iya nunawa. Surori huɗu na farko an jera ayoyinsu bisa haruffa 22 na Ibrananci, daga na farko har na ƙarshe, sura ta 3 kuma ta ninka kowane harafi sau uku, shi ya sa take da aya 66. Mai makokin ya zauna ya tsara baƙin cikinsa harafi bayan harafi, bai tsallake ko ɗaya ba, kamar mai ƙirga asararsa don kada wani ya ce masa ta wuce. Littafin ma bai ƙare da murna ba. Ya roƙi Allah ya komo da su gare shi, sa'an nan ya rufe da fargabar ko Allah ya yashe su ɗungum. Har yau in Yahudawa suka karanta shi a majami'unsu, sukan koma su maimaita ayar roƙon don kada a tashi a kan ta ƙarshen. Ni dai ina ganin alheri ne babba da Allah ya bar irin wannan littafi a cikin Maganarsa. Wanda aka kashe wa miji, aka ce masa a ranar zaman makoki ya daina kuka domin Kirista ba ya kuka, an hana shi abin da Littafi ya ba shi.

Su kuma waɗanda aka kwashe zuwa Babila, matsalarsu dabam ce: yaushe za a koma? Annabawan da suka san abin da kunne yake so suka cika gari. A Urushalima, tun kafin a rushe ta, wani Hananiya ya karɓe karkiyar itacen da Irmiya ya rataya a wuya don nuna bauta wa Babila, ya karya a gaban jama'a, ya ce cikin shekara biyu za a dawo da sarki da kayan Haikali. Irmiya ya ce Amin, Allah ya sa, amma ba haka aka faɗa masa ba. Hananiya bai ga ƙarshen shekarar ba. Sa'an nan Irmiya ya aika wa masu zaman talala wasiƙar da ke sura ta 29, wadda na tabbata ba ta yi musu daɗi ba. Ya ce su gina gidaje su zauna, su dasa lambuna su ci amfaninsu, su yi aure su aurar da 'ya'yansu, su nemi lafiyar birnin da aka kai su, su yi masa addu'a, gama lafiyarsu tana cikin lafiyarsa. Birnin da ya kwashe su daga ƙasarsu, wanda daga baya zai ƙone musu Haikali, ke nan fa. Zaman kuwa na shekara 70 ne.

A nan ne aya ta 11 take, wadda ake bugawa a kalanda da bayan Keke Napep, cewa Allah ya san shirin da yake da shi dominku, na alheri, don ya ba ku bege da makoma. Ayar gaskiya ce, ban kuwa hana kowa ta'azantar da kansa da ita ba. Amma “ku” ɗin jam'i ne, jama'a ake yi wa magana, kuma yawancin manyan da suka saurari wasiƙar a Babila aka binne su. Dattijon da ya ji ta yana da shekara hamsin ya san ba da ƙafarsa za a koma ba. Alkawarin nasa ne duk da haka, sai dai jikansa ne zai taka ƙasar. Masu wa'azin da suke ɗauko wannan aya, su haɗa da ta Yowel a kan mayar da shekarun da fara ta cinye, su ce kafin ƙarshen wata za ka ga ninkin abin da ka rasa in ka ba da baiko, sun fi kusa da Hananiya fiye da Irmiya, ko da ba su sani ba.

Ƙasa ma ta ba da shaidar cewa an bi shawarar wasiƙar. Masu tonon kayan tarihi sun samo allunan yumɓu a Babila da aka rubuta rabon mai da ake ba Yehoyakin sarkin Yahuza da 'ya'yansa, suna ajiye a Berlin. An kuma samu waɗansu daga wani ƙauye da ake kira Al-Yahudu, wato garin Yahuza, masu nuna Yahudawa suna noma, suna biyan haraji, suna ƙulla ciniki, suna kuma raɗa wa 'ya'yansu sunaye masu ɗauke da sunan Ubangiji. Sun zauna, amma ba su narke ba.

Me ya hana su narkewa kamar 'yan'uwansu na arewa? Ezekiyel ne ya fi kowa amsa wannan. A bakin Kogin Kebar, a ƙasar arna, ya ga ɗaukakar Allah a kan kursiyi mai ƙafafun tafiya. Daga baya ya ga ɗaukakar ta tashi daga Haikali ta fita ta gabas, aka kuma faɗa masa cewa Allah da kansa ya zama wuri mai tsarki ga waɗanda aka warwatsa. Ashe ba a ci Ubangiji da yaƙi ba, ba a kuma bar shi a kufai ba, ya bi mutanensa zuwa inda aka kai su. Sai kuma maganar da take da ɗaci da daɗi a haɗe, a sura ta 36: ba saboda ku zan yi wannan ba, saboda sunana mai tsarki ne. Ɗacinta shi ne ta hana su fahariya. Daɗinta shi ne, in da a kan kirkinsu maidowar ta dogara, da babu ita. A can ne aka yi alkawarin cire zuciyar dutse a sa ta nama. Sura ta gaba ita ce ta kwarin ƙasusuwa, kuma ba annabin ne ya ƙago hoton ba, mutanen ne suke cewa ƙasusuwanmu sun bushe, begenmu ya ƙare. Da aka tambaye shi ko ƙasusuwan nan za su rayu, bai ce i ba, bai ce a'a ba. Ya ce, ya Ubangiji, kai ne ka sani. A ganina babu amsar da ta fi wannan dacewa da bakin fasto a gaban kabarin da aka binne mutane da yawa.

A 539 Sairus na Farisa ya ci Babila, a shekarar da ta biyo kuma ya ba da izinin komawa a gina Haikali. Wani rubutunsa a kan yumɓu da aka tono a Babila a 1879, wanda yake gidan tarihi a Landan, ya nuna manufarsa ce ya mayar da mutane da gumakansu garuruwansu. Bai ambaci Yahudawa ba, kuma Marduk yake gode wa. Siyasa ce ta sarki mai wayo. Amma Littafin Ishaya ya kira wannan arnen sarki shafaffe na Ubangiji, ya ce Allah ya kira shi da sunansa ko da yake bai san Allah ba. Ceton bai zo ta ƙofar da suke tsammani ba.

Komowar kanta kuwa, wanda ya karanta Ezra da Haggai da Nehemiya da idon basira zai ga ba ta kai mafarkin ba. Ezra ya ƙirga jama'ar 42,360, da yawa kuma suka zaɓi zama a Babila. Zarubabel jikan Yehoyakin ne, jinin Dawuda, amma gwamna ne a ƙarƙashin Farisa, bai taɓa sa kambi ba. Ranar da aka kafa harsashin Haikali, firistoci suka sa tufafinsu, aka busa ƙaho, aka kaɗa kuge, matasa suka ɓarke da sowa. Tsofaffin da suka ga Haikali na farko da idonsu kuwa suka fashe da kuka. Ezra ya ce ba a iya bambanta sowar murna da muryar kuka ba, kuma an ji ƙarar daga nesa. Daga nan aikin ya tsaya shekara da shekaru, har Haggai ya tashi a 520 yana tambayarsu ko daidai ne su zauna cikin gidaje masu rufi alhali ɗakin Allah kufai ne. An gama ginin wajen 516, shekara 70 bayan rushewar na farko, babu akwatin alkawari a ciki. Garun birnin kuwa sai wajen 445 Nehemiya ya zo ya tayar da shi cikin kwana 52, magina suna aiki da makami a ɗamara. Yana cikin haka mata da maza suka kawo masa kuka cewa 'yan'uwansu Yahudawa sun karɓe gonakinsu jingina, har 'ya'yansu mata sun shiga bauta saboda bashi. A babbar addu'ar tuba da ke sura ta 9, jama'ar suka ce wa Allah ga shi yau mu bayi ne a ƙasar da ka ba kakanninmu.

To, me aka maido? Abin da suka samu bai yi kama da abin da suka rasa ba. Sun fita suna masarauta mai sarki da sojoji, suka dawo suna jama'ar da take tsayawa a dandali daga safe har rana tsaka tana sauraron karatun Attaura. Bautar gumakan da annabawa suka yi ɗaruruwan shekaru suna yaƙi da ita ta ja baya ƙwarai. Sun koyi yin addu'a inda babu bagade. Wanda yake auna maidowa da mudun jiya zai ce Allah ya rage musu. Amma alkawarin tun asali shi ne, zan zama Allahnku, ku zama mutanena, wannan kuwa bai faɗi ƙasa ba ko da rana ɗaya.

Ba na iya karanta waɗannan surori ban tuna da arewa maso gabashin Najeriya ba. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya, wadda aka fi sani da EYN, ta fara ne da sujada a gindin tsamiya a Garkida ranar 17 ga Maris, 1923. A watan Afrilun 2014 aka sace 'yan mata 276 daga makaranta a Chibok, yawancinsu 'ya'yan wannan ikilisiya. A ƙarshen Oktoban shekarar mayaƙan Boko Haram suka mamaye Mubi da hedkwatar ikilisiyar da ke Kwarhi, tare da makarantar horar da fastocinta. Shugabanni suka koma Jos, membobi suka watsu zuwa Yola da Abuja da ƙetaren iyaka. Daga baya an koma Kwarhi, kuma a Maris 2023 ikilisiyar ta yi bikin cika shekara ɗari. Amma a tsakani an kai wa Garkida hari a Fabrairun 2020, wata guda bayan an kashe Rabaran Lawan Andimi, shugaban ƙungiyar Kiristocin Najeriya (CAN) na Michika, wanda ya yi magana a bidiyo yana hannun masu garkuwa da shi ya ce bai karaya ba, domin kowane hali mutum ya samu kansa a hannun Allah yake. Har yanzu gommai daga cikin 'yan matan Chibok ba su dawo ba, dubban mutanen Gwoza na bayan dutse kuma suna sansanin Minawao a Kamaru, inda yaran da aka haifa a can suka girma ba su taɓa ganin gonar ubansu ba.

Wanda ya taɓa yin sujada a irin majami'un da aka koma zai gane Ezra sura ta 3 ba tare da an yi masa bayani ba. Bango baƙi ƙirin da hayaƙi, sabon kwano a rabin rufi, sauran rabin sararin sama. Zumuntar mata sun sha anko, suna buga tulu da gora, waƙa tana tashi. A benci na uku wata uwa bakinta yana bin waƙar, hawaye yana bin kuncinta, domin wurin da mijinta yake zama wani ne a kai. Ba za ka iya cewa ga inda murna ta tsaya kuka ya fara ba.

Sai dai a nan dole a yi hattara, domin kwatanci yana da iyaka. Annabawa sun ce zaman talala hukunci ne a kan zunubin Yahuza, sun faɗa ne kuwa da izinin Allah, bayan gargaɗin shekaru. Babu wanda aka ba wannan izini a kan Chibok ko Gwoza ko Michika. Duk mai wa'azin da ya tsaya a gaban 'yan gudun hijira ya ce zunubinsu ne ya jawo musu, ya ɗauki matsayin abokan Ayuba, waɗanda Allah ya ce ba su faɗi gaskiya a kansa ba. Yesu da kansa, da aka ba shi labarin Galilawan da Bilatus ya kashe, da mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya ce ba su fi kowa zunubi ba. Kuma wutar nan ba Kirista kaɗai ta ci ba. An kashe Sarkin Gwoza a Mayun 2014, an tayar da bam a babban masallacin Juma'a na Kano a Nuwamban shekarar, ƙauyukan Musulmi da yawa sun zama kufai. Umarnin a nemi lafiyar gari a yi masa addu'a yana nan a kanmu, kuma ya fi sauƙi a gare mu, tunda maƙwabtanmu ba Babilawa ba ne, abokan kuka ne.

Akwai kuma wani darasi mai nauyi daga masu komowa na dā. Tsoron narkewa ya sa a zamanin Ezra aka kori matan da ba Yahudawa ba tare da 'ya'yansu. Na fahimci tsoron, amma wannan sura takan yi mini ciwo, kuma Littafi bai ɓoye wata murya ba, wadda ta ba da labarin Rut mutuniyar Mowab, kakar mahaifin Dawuda, da alkawarin cewa ɗakin Allah zai zama ɗakin addu'a na dukan al'ummai. Jama'ar da ta sha wuya takan yi saurin rufe ƙofa. Yarinyar da ta kuɓuto daga daji da goyo a baya, aka riƙa nuna ta da baki a bakin rijiya, ana kiran ɗanta da sunan da bai zaɓa ba, ita ce ma'aunin ko ikilisiya ta dawo da gaske ko kuwa gini kawai aka tayar.

Ga Kirista, labarin bai ƙare da Nehemiya ba, domin su kansu sun san bai ƙare ba. Bayan shekara ɗari huɗu da wani abu, Luka ya nuna mana tsoho Saminu a Haikali yana jiran ta'aziyyar Isra'ila, yana zaune a ƙasarsu amma har yanzu yana jira. A daren da aka ba da Yesu, ya ɗauki ƙoƙo ya kira shi sabon alkawari a cikin jininsa, kalmar da Irmiya ya yi amfani da ita a sura ta 31, gab da labarin gonar. Washegari aka gicciye shi a bayan birni, a yashe, yana kuka da kalmomin Zabura ta 22. Abin da bangaskiyarmu take cewa shi ne Allah bai tsaya daga nesa yana aiko wa karyayyu da saƙo ba, ya shiga cikin karyewar da jikinsa. Da ya tashi daga matattu kuma, bai tashi da jiki sumul ba. Ya ce wa Toma ya kawo yatsansa ya taɓa gurbin ƙusa. Bitrus, wanda ya yi musun sa sau uku a bakin wutar gawayi, a bakin wata wutar gawayin aka tambaye shi sau uku ko yana ƙaunarsa, aka danƙa masa tumaki. Ba a share abin da ya faru ba, an ɗora aiki a kansa. Ko a ranar hawansa sama almajirai sun tambaya ko yanzu ne zai mayar wa Isra'ila da mulki, ya ce sanin lokaci ba nasu ba ne, ya aike su shaida. Bulus ya rubuta wa Timoti cewa in mun kasa riƙe amana, shi yana nan da amincinsa, gama ba ya iya musun kansa. Maganar Ezekiyel ce ta dawo da wata riga. Cikakkiyar maidowa, wadda za a share kowane hawaye, tana gaba, kuma Littafi bai ce an riga an share ba.

Irmiya dai bai ci amfanin gonarsa ba. Sau ɗaya da sojojin Babila suka ɗan janye, ya yi yunƙurin fita zuwa yankin Biliyaminu kan maganar rabonsa a cikin dangi, aka cafke shi a ƙofar birni aka ce zai gudu wurin abokan gaba, aka yi masa dūka aka jefa shi kurkuku. Bayan faɗuwar birnin da kisan Gedaliya, gwamnan da Babila ta naɗa, ringin mutanen suka tafi Masar duk da ya hana su, suka tafi da shi da Baruk. A can muryarsa ta ƙare a cikin Littafi, yana tsoho, a baƙuwar ƙasa, takardarsa tana cikin tukunya a wani wuri da ya bari a baya. A sura ta 2 ta Littafin Ezra akwai dogon jerin sunayen garuruwa da adadin waɗanda suka komo, irin wurin da mai karatu yakan tsallake. Aya ta 23 gajeriya ce: mutanen Anatot, 128.